Kakar Kyaututtuka da Ingancin Finafinai: Nazari kan Gasar Oscar daga 2020 zuwa 2025

Tsakure

Duk shekara, daga Satumba zuwa farkon Maris, masana'antar fim ta Amurka kan shiga abin da ake kira kakar kyaututtuka, kuma duk shekara sai an ji masu sharhi da 'yan kallo suna ƙorafin cewa finafinan bana ba su kai na da ba. Wannan takarda ta duba yadda aka tsara kalandar kakar, yadda ake ƙidayar ƙuri'a, da kuɗin da ake kashewa wajen kamfe, sannan ta gwada su da finafinan da suka yi fice daga bikin Oscar na 2020 zuwa na 2025. Matsayarta ita ce kyawawan finafinai ba su yi ƙaranci ba, sai dai yawancinsu ba don kakar aka yi su ba, kuma abin da kakar ke iya aunawa shi ne yawan idon da ya kai kan fim da yawan waɗanda ba su ƙi shi ba. Ta kuma taɓo finafinan Hausa biyu da Nijeriya ta tura gasar.

Gabatarwa

Kalmar inganci tana da santsi, don haka bari in faɗi abin da nake nufi da ita tun yanzu. A wurina fim mai inganci shi ne wanda labarinsa da hotonsa da sautinsa da wasan jarumansa suke yi wa manufa ɗaya aiki, kuma idan aka sake kallonsa bayan hayaniya ta lafa a tarar yana nan da ƙarfinsa. Wannan ma'auni na buƙatar lokaci, kakar kyaututtuka kuwa ba ta da shi. Cikin wata shida ake nuna fim, a yi masa talla, a zaɓe shi, a ba shi kyauta. Tarihi ya riga ya nuna giɓin da ke tsakanin hukuncin gaggawa da na dogon zango. Citizen Kane na 1941 bai ci kyautar gwarzon fim ba, How Green Was My Valley ne ya ci. Vertigo na Alfred Hitchcock ko jerin 'yan takarar wannan kyauta bai shiga ba. Amma a ƙuri'ar masu sharhi ta mujallar Sight and Sound ta 2022, Citizen Kane da Vertigo ne suka zo na uku da na biyu a cikin finafinan duniya baki ɗaya.

Yadda kalanda ta zama kasuwa

Tun 1929 ake bayar da Oscar, amma cunkoson ƙarshen shekara abu ne da ya zo daga baya. Tushensa ƙa'idar cancanta ce: shekaru da dama abin da ake buƙata kawai shi ne a nuna fim a gidan silima na yankin Los Angeles na kwana bakwai a jere kafin shekara ta ƙare. A Disambar 1978 kamfanin Universal ya yi amfani da wannan ƙofa. Yana riƙe da The Deer Hunter, fim mai tsawon sa'a uku kan yaƙin Vietnam wanda ake fargabar jama'a ba za su jure ba. Sai aka nuna shi na mako guda a Los Angeles da New York, aka janye shi, aka jira sunansa ya fito cikin 'yan takara, sannan aka baza shi ko'ina a farkon 1979. Ya ci Oscar biyar, har da ta gwarzon fim. Daga nan kowa ya gane cewa takara kanta talla ce.

Bayan shekara ashirin kamfanin Miramax ya ƙara wa dabarar gishiri. Yadda Shakespeare in Love ya kayar da Saving Private Ryan a bikin 1999 ya zama misalin da ake bugawa na cewa ana iya yi wa fim kamfe tamkar ɗan siyasa: liyafa, tallace-tallace a jaridun masana'anta, hira bayan hira, da bin masu ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya. Yau hanyar a shimfiɗe take. Ana buɗe ta da bukukuwan Venice da Telluride da Toronto a ƙarshen Agusta da Satumba, ƙungiyoyin masu sharhi su yi nasu zaɓen a Disamba, Golden Globes ta biyo a Janairu, sai BAFTA ta Ingila da kyaututtukan ƙungiyoyin furodusoshi da daraktoci da jarumai, kafin a rufe da Oscar. Kyautar zaɓin 'yan kallo ta Toronto ta zama tamkar ishara, domin Slumdog Millionaire da The King's Speech da 12 Years a Slave da Green Book da Nomadland duk sun fara cin ta kafin su ci gwarzon fim.

Finafinan farautar kyauta

Inda aka san lokacin ciniki da ɗanɗanon mai saye, dole a sami masu ƙera kaya daidai da su. Irin waɗannan finafinai kamar ragon turke suke, wanda tun farko don kasuwar Sallah aka ɗaure shi, ana ciyar da shi abin da zai cika ido ranar ciniki. Masana zamantakewa biyu, Gabriel Rossman da Oliver Schilke, sun yi nazarin wannan a wata maƙala ta 2014 a mujallar American Sociological Review. Sun bi finafinai kusan dubu uku da aka saki tsakanin 1985 da 2009, suka fitar da siffofin da ke jan hankalin masu ƙuri'a: tarihin rayuwar wani shahararre, yaƙi, abin da ya faru a da, da fitowa a ƙarshen shekara. Abin da ya fi muhimmanci a bincikensu shi ne sakamakon kasuwa. Fim mai irin waɗannan siffofi idan ya sami shiga takara yakan ci riba, idan kuwa ya faɗi yakan yi asara mai zafi, domin an gina shi da nauyin da ɗan kallo ba zai ɗauka ba sai an ce masa ai fim ɗin kyauta ne.

Wannan ya bayyana wani ɓangare na ƙorafin da muka fara da shi. Mai kallo a Nuwamba da Disamba yana cin karo da duka garken, waɗanda suka dace da waɗanda suka sha ƙasa. Babylon na Damien Chazelle ya fito a Disambar 2022 da manyan jarumai da kuɗi masu yawa, ya faɗi warwas a kasuwa. Amsterdam, a wannan kakar dai, haka ya ƙare. Idan muna tuna kakar 1990 ko ta 2007, finafinai biyu ko uku da suka rayu ne ke zuwa mana a rai, mun manta da sauran. Gwada su da duk abin da ya fito bana ba adalci ba ne.

Sai dai ba zan ce ƙorafin ba shi da tushe ba. Akwai wata cuta da kakar ta haifar a fannin wasan jarumai, wato fifita wahalar da aka sha a kan abin da ya fito a allo. A duba waɗanda suka ci gwarzon jarumi ko jaruma a 'yan shekarun nan: Gary Oldman a matsayin Winston Churchill, Rami Malek a matsayin mawaƙi Freddie Mercury, Renée Zellweger a matsayin Judy Garland, Will Smith a matsayin mahaifin Venus da Serena Williams. Kwaikwayon mutumin da aka sani yana ba mai ƙuri'a abin gwadawa cikin sauƙi, ya yi kama ko bai yi ba. Kamfe kuma sai ya zo da labarin bayan fage. Lokacin The Revenant kowa ya ji cewa Leonardo DiCaprio ya ci ɗanyar hantar ɓauna. Lokacin Maestro a 2023 kowa ya ji cewa Bradley Cooper ya shekara shida yana koyon jagorantar makaɗa don fitowar minti shida. Ba na raina ƙoƙarin, amma ɗan kallo ba shekarun atisaye ya biya kuɗi ya gani ba. Maestro ya shiga takara a fanni bakwai, ya koma gida hannu rabbana.

Abin da ƙuri'a ke iya faɗa

Nan ne nake ganin ba a cika tsayawa ba, alhali nan ne zuciyar maganar. Bayan an bar The Dark Knight a waje a kakar 2008, hukumar Oscar ta faɗaɗa 'yan takarar gwarzon fim daga biyar zuwa goma, ta kuma dawo da ƙuri'ar jeri. Mai ƙuri'a ba fim ɗaya yake zaɓa ba, jera su yake yi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. A fara ƙirga na ɗaya. Idan babu wanda ya haura rabi, sai a cire fim ɗin da ya zo ƙarshe, a raba takardunsa ga waɗanda aka sa a na biyu. Haka za a yi ta yi har wani ya haura rabi.

Mu ƙaddara masu ƙuri'a ɗari ne, finafinai uku. Na farko fim ne mai ƙarfin hali wanda ya raba kan jama'a: mutum 40 sun sa shi a sama, sauran 60 sun jefa shi ƙasa. Na biyu mai daɗin kallo ne, bai ɓata wa kowa rai ba, mutum 35 suka sa shi a sama, kusan kowa kuma ya ba shi na biyu. Na uku ya sami 25. Da ƙuri'a ɗaya ake kaɗawa, da na farko ya lashe. A wannan tsari kuwa ana cire na uku, takardunsa 25 su koma kan na biyu, ya tashi da 60. Ba maguɗi aka yi ba, tsarin ne aka gina don ya nemo fim ɗin da jama'a suka fi haɗuwa a kansa. Amma aikin fasaha mai zurfi sau da yawa yakan sosa wa wasu inda ba sa so. Ina ganin da wannan ido ya kamata a kalli nasarar Green Book a kan Roma na Alfonso Cuarón a 2019, da ta CODA a kan The Power of the Dog na Jane Campion a 2022. Hukumar ba ta bayyana alƙaluman ƙuri'a, don haka fassara ce nake yi, amma siffar finafinan ta yi daidai da lissafin.

Su wane ne masu ƙuri'ar ma ya sauya. Bayan sukar da aka yi a 2015 da 2016 cewa duk jaruman da ke takara farar fata ne, hukumar ta gayyato dubban sababbin mambobi, da yawa daga wajen Amurka, har masu ƙuri'a suka kai kimanin dubu goma. Ba don wannan sauyi ba, da wuya Parasite na Bong Joon-ho ya zama fim na farko da ba na Ingilishi ba da ya ci gwarzon fim a 2020.

Inda ingancin ya koma

Mu jera finafinai shida da suka ci wannan kyauta daga 2020 zuwa 2025 mu ga inda kowanne ya fara. Parasite a bikin Cannes, watan Mayu. CODA a bikin Sundance cikin Janairun 2021, inda kamfanin Apple ya saye shi kan dala miliyan 25. Everything Everywhere All at Once ya fito a Maris ɗin 2022, kusan shekara guda kafin ya kwashe kyauta bakwai. Oppenheimer na Christopher Nolan ya fito a Yulin 2023, tsakiyar kasuwar bazara, ya tara sama da dala miliyan 900. Anora na Sean Baker ya fara da cin babbar kyautar Cannes a Mayun 2024. Nomadland kaɗai ya taso daga bukukuwan Satumba, shi ma a shekarar annobar korona da ta birkita kalandar. Wato biyar cikin shida sun riga sun tsaya da ƙafafunsu kafin kakar ta kankama. Aikin da kakar ta yi musu shi ne tallata su, ba ita ta haife su ba.

Bari in tsaya kan fim ɗaya don a ga abin da nake kira inganci. The Zone of Interest na Jonathan Glazer, wanda aka fara nunawa a Cannes a 2023, ya ɗauko jigon da ake wa kallon abincin masu ƙuri'a, wato kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Amma ya ƙi yin abin da aka saba. Kyamara ba ta nuna mana kisan ba. Muna cikin gidan kwamandan sansanin Auschwitz, Rudolf Höss, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da sansanin. Akwai inda matarsa ke zagayawa da mahaifiyarta cikin lambu, tana nuna mata furanni da kayan marmari tana alfahari. A saman katangar ana hango rufin gine-gine da hayaƙi, kunne kuma yana jin ƙarar bindiga jefi-jefi, da ihu daga nesa, da wani gurnani da ba ya yankewa. Babu wadda ta ɗaga kai. Ido yana kallon fim ɗaya, kunne yana sauraron wani, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ma'anar fim ɗin. Ya ci kyautar sauti da ta fim ɗin ƙasashen waje. A ƙuri'ar jeri kuwa, fim mai hana barci irin wannan ba shi da hanyar zama gwarzo.

Kakar da ta ƙare a Maris ɗin 2025 ta ba mu wani gwaji da ba mu roƙa ba. Emilia Pérez, fim ɗin waƙe-waƙe na darakta Bafaranshe Jacques Audiard, wanda labarinsa ke faruwa a Meziko amma aka ɗauke shi a Faransa, ya shiga takara a fanni 13, adadin da wani fim da ba na Ingilishi ba bai taɓa samu ba. Tun kafin nan 'yan Meziko da yawa suna cewa fim ɗin bai san ƙasarsu ba, har lafazin wasu jarumansa bai zauna ba, amma ba a saurare su ba. Kwanaki kaɗan bayan sanar da 'yan takara sai aka tono tsofaffin rubuce-rubucen jarumar fim ɗin, Karla Sofía Gascón, a Twitter, masu ɗauke da cin zarafin Musulmi da wasu jama'a. Nan take tauraron fim ɗin ya dushe, ya ƙare da kyauta biyu. Abin lura shi ne ko daƙiƙa ɗaya ba a sauya a fim ɗin ba tsakanin Janairu da Maris. Idan inganci ake aunawa, to ko dai 13 ɗin sun yi yawa, ko biyun sun yi kaɗan. Ni dai ina ganin na farkon ne.

A wannan kakar dai, abin da ya fi armashi daga ƙananan aljihu ya fito. An yi Anora da kimanin dala miliyan 6, ya ci kyauta biyar, huɗu daga ciki na Baker ne shi kaɗai. The Brutalist, mai tsawon sa'a uku da rabi har da hutun tsakiya, an yi shi da kusan miliyan 10. Flow daga ƙasar Latvia, fim ɗin zane kan wata kyanwa da ambaliya ta ritsa da ita, babu magana ko ɗaya a cikinsa, an yi shi da manhajar Blender da kowa ke iya saukewa kyauta, ya kayar da Inside Out 2 na kamfanin Pixar. No Other Land, wanda Falasɗinawa da 'yan Isra'ila suka haɗu suka yi kan rushe gidaje a Masafer Yatta, ya ci kyautar fim ɗin gaskiya alhali babu babban kamfanin Amurka da ya yarda ya rarraba shi. Wanda ya ce wannan shekarar fari ce, to inda ya duba ne babu ruwa.

Kuɗi da ido

Kada ƙanƙantar kasafin Anora ta ruɗe mu. Kamfanin Neon ya kashe kusan dala miliyan 18 wajen tallata shi da rarraba shi da yi masa kamfe, wato ninki uku na kuɗin da aka yi fim ɗin. Dalili shi ne babban abin da ake gasa a kansa lokacin mai ƙuri'a ne. Ɗaruruwan finafinai ke cancanta a shekara, mutum kuwa kaɗan zai iya kallo, don haka yakan fara da wanda ya fi jin sunansa. A 2023 Andrea Riseborough ta shiga takarar gwarzuwar jaruma da To Leslie, fim ɗin da abin da ya tara a silima a lokacin bai kai dala dubu 30 ba, saboda wasu manyan jarumai sun yi ta yabonta suna shirya wa abokansu kallo. Hukumar ta binciki lamarin, ta bar mata takararta, ta ƙara tsaurara dokokin kamfe. Sai a Afrilun 2025 ne ma aka kafa dokar cewa dole mamba ya kalli duk finafinan da ke takara a fanni kafin ya kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a fannin. Kafin nan, a yawancin fannoni, amana ce kawai.

Finafinan Hausa a bakin ƙofa

A nan maganar ta shafe mu kai tsaye. A fannin finafinan ƙasashen waje kowace ƙasa fim ɗaya take turawa, kuma dole fiye da rabin maganar da ke cikinsa ta kasance ba da Ingilishi ba. Wannan doka ce ta kori Lionheart na Genevieve Nnaji a Nuwambar 2019, domin Ibo ɗin da ke cikinsa bai wuce minti goma sha wani abu ba. Shekarar da ta biyo baya Nijeriya ta tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda yawancinsa da Hausa ne, kan wasu 'yan'uwa mata biyu da rikicin 'yan tayar da ƙayar baya ya raba, kuma Maryam Booth ta fito a ciki. A 2024 aka tura Mai Martaba, fim ɗin sarauta da Hausa na darakta Prince Daniel. Dukansu ba su shiga jerin 15 da ake tacewa daga finafinan ƙasashe fiye da 80 ba.

Harshe ya buɗe wa Hausa ƙofar da ya rufe wa finafinan Legas da yawa, wannan gaskiya ne. Amma kuskure ne a ɗauki rashin shiga jerin a matsayin hukunci kan ingancin finafinan, kamar yadda kuskure ne a ce an yi mana ƙeta. The Milkmaid ya ci gwarzon fim a gasar finafinan Afirka ta AMAA ta 2020, inda alƙalai suka zauna suka kalle shi. A zagayen farko na Oscar kuwa mambobi ne ke sa kansu, kowanne ya kalli wani kaso, kuma fim ɗin da ya zo da tambarin babban biki da mai rarrabawa a Amurka shi ke samun ido. Finafinan Afirka da suka yi nisa ta wannan hanya suka bi. Timbuktu na Abderrahmane Sissako ya yi takara a Cannes a 2014 kafin ya shiga biyar ɗin ƙarshe da sunan Mauritaniya. Dahomey na Mati Diop ya ci babbar kyautar Berlin a Fabrairun 2024 kafin ya shiga jerin 15 da sunan Senegal.

Kasuwar Kannywood a yau ta karkata ga finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin, waɗanda ba su cancanci wannan gasa ba tun daga tushe, tunda nunawa a silima sharaɗi ne. Furodusan da ke da niyyar gasa ta duniya yana buƙatar ya sa kuɗin gyaran sauti da fassarar ƙasan allo da neman shiga bukukuwa a cikin kasafinsa tun kafin a kunna kyamara, ya kuma gama aikin da wuri yadda zai kai ga Berlin ko Cannes ko Toronto. Akwai kuma gasar finafinan Afirka ta FESPACO a Wagadugu, da ake yi tun 1969, wadda ɗan Nijar Oumarou Ganda ya fara cin babbar kyautarta a 1972 da Le Wazzou polygame. A can 'yan alƙalai kaɗan ne ke kallon duk finafinan da ke takara su tattauna kafin su yanke hukunci, kuma kuɗin zuwa daga Kano ko Zinder bai kama ƙafar abin da mako guda na kamfe a Los Angeles ke ci ba.